Kuɗin Fito: Tarihin Kalmar Da Ta Baro Bakin Kogi Ta Shiga Ofis

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe takardar kasafin kuɗi, ko ɗalibin da ya saba sauraron labaran rediyo, ya san kuɗin fito, watau kuɗin da hukumar kwastan ke karɓa a kan hajar da aka shigo da ita daga ƙasashen waje. Amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi wane fito ake nufi, alhali babu kogi a filin jirgin saman Kano, a Maigatari kuwa a kan busasshiyar ƙasa mota ke tsallaka iyaka. Amsar tana bakin ruwa, a wurare irin su ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, inda kalmar ke riƙe da ma'anarta ta fari har yau.

Ma'anar asali

Da farko ya kamata a rarrabe, domin rubutun boko ya haɗa kalmomi dabam-dabam a siffa ɗaya. Akwai fito na busa iska da leɓe, wanda ake jan wasalinsa na farko. Akwai fito na aikatau, kamar a ce wane ya fito daga ɗaki. Sa'an nan akwai fito na ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, wanda shi ne abin nazari a nan. Kowa ya dubi siffar wannan kalma zai ga danginta: fita, fitar, fid da, fisshe. Mai fito shi ne wanda ke fid da mutum daga ruwa ya kai shi tudu. Saboda haka tun daga tushe kalmar tana ɗauke da ma'anar kuɓutarwa, irin wadda ke cikin addu'ar nan ta "Allah ya fisshe mu".

Fito a kudancin Jigawa

Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos da duwatsun Ningi yana bi ta wannan yanki ya nufi arewa maso gabas. Babban cikinsu shi ne kogin Bunga, wanda ke ratsa ƙasar Gwaram ya wuce Jama'are, ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su zuba a Tafkin Chadi. Halin waɗannan koguna ɗaya ne. Da rani yashi ne zalla, jaki da kayansa ya taka ya wuce. Da damina ta yi nisa kuwa, musamman a watan Agusta, sai su cika su batse, su raba manomi da gonarsa, su raba ƙauye da kasuwarsa.

A nan sana'ar fito ta samu gindi. Inda akwai komi, watau jirgin da aka sassaƙa daga gungumen itace, da shi ake yi. Inda babu, sai a koma ga babban gora: a zuba kaya a ciki, matafiyi ya rungume shi, gwanin iyo ya tura har gaɓa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Borno da ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya ba da labarin irin wannan ƙetare da goruna a Komadugu. Abin da matafiyi ya miƙa bayan ya taka tudu, shi ne kuɗin fito na ainihi: ladan gwaninta da kasada. Mai fito kuwa ba ya cin gashin kansa, domin a garuruwa da yawa akwai Sarkin Ruwa mai lura da mashigi, wanda za a tuhuma in an yi asara.

Daga lada zuwa haraji

Fatake ne suka faɗaɗa ma'anar kalmar. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro tilas ya ƙetare Kwara, kuma sarkin da mashigin ke ƙasarsa yana da rabo a cikin abin da madugu ya biya. Sannu a hankali sai fatake suka riƙa kiran duk kuɗin da wani sarki ya karɓa kafin ya bar ayari ya ratsa ƙasarsa da suna fito, ko da ruwa ko babu. Duk da haka ba kyauta ake bayarwa ba. Wanda ya karɓi fito ya ɗauki nauyin tsare hanya daga mahara da 'yan fashi, in kuwa ya kasa, madugai su sake hanya, kuɗin ya koma aljihun wani.

Da Turawa suka ci ƙasa, gwamnatin Lugard ta kafa nata harajin a kan fatake, har aka soke shi a 1907. Daga nan ƙarfin karɓa ya koma tashoshin jiragen ruwa na bakin teku da kan iyakokin da aka shata. Bahaushe bai wahalar da kansa wajen ƙirƙiro sabon suna ba. Ya ga wurin tsayawa, ya ga mai karɓa, ya ga ba a wucewa sai an biya, sai ya ce fito ne. Abin sha'awa shi ne, jirgin ƙasa kansa, wanda ya iso Kano a 1911, sai da ya sha fito: a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a ƙetarar da su a Jebba kafin a gama gada a 1916, haka kuma a Makurɗi har zuwa 1932.

Makamanciyarta a Turanci

Ba Hausa kaɗai ke da kalmar da ta baro ruwa ta shiga ofis ba. Kowane ɗalibin lissafi ya san average da ma'anar matsakaici, amma ma'anarta ta fari, wadda a yau sai masu inshorar jiragen ruwa suka sani, ita ce asarar da ta sami jirgi ko kayansa a teku. Masana da yawa suna mai da ita ga kalmar Larabci awar, watau aibi a jikin haja, ta hanyar Italiyanci da Faransanci. Daga wannan saiwa ce Hausa ta samu al'aura. Dokar teku ta ce in hadari ya sa aka jefar da kayan wani don jirgi ya tsira, to, dukkan masu kaya da mai jirgi za su raba asarar gwargwadon dukiyar kowa. Daga wannan rabo ne ma'anar lissafi ta fito a ƙarni na 18. A nan ma adadi ya rage a bakin mutane, an manta da haƙƙin juna da ya haife shi.

Kammalawa

Tarihin wannan kalma ya nuna cewa a fahimtar Bahaushe karɓa da ɗaukar nauyi tagwaye ne. Mai fito ba ya karɓar ko anini don kawai ya tsaya a bakin kogi, sai don ya fid da mutum lafiya. Ma'aikacin da ya gaji sunan, ko a kwastan ko a ofishin haraji na ƙaramar hukuma, ya gaji sharaɗin tare da shi.

Haka kuma fiton asali bai mutu ba. Gadoji sun rage shi, amma duk damina akwai ƙauyukan da ba su da hanyar kasuwa ko asibiti sai kwale-kwale, kuma lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya suna cin rayuka a kogunan Arewa. Gyaran jirgi, da ƙayyade yawan fasinja, da tanadin riguna, aikin rani ne, tun kogi yana yashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.