Daga Bangon Majami'a Zuwa Ƙofar Bariki: Tarihin Tunawa da 'Yan Mazan Jiya a Ƙasar Zazzau

Al'adar rubuta sunayen mamatan yaƙi a majami'un ƙauyukan Ingila ta yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Farko (1914 zuwa 1918), saboda gwamnatin Birtaniya ta hana a dawo da gawawwakin sojojinta gida. Da yake iyalai ba su da kabarin da za su ziyarta, sai mutanen kowane ƙauye suka yi karo-karo suka kafa allon dutse ko na tagulla a majami'arsu, ɗauke da sunayen 'ya'yansu.

Wannan al'ada ba ta yi saiwa a garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan ba, duk da cewa ƙasar Zazzau ta ba da samarinta ga rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, kuma Hausa ce harshen mu'amala a cikinta. Dalili na farko na addini ne, domin bangon masallaci ba wurin jera sunayen mamata ba ne, kuma Musulmin Hausa ya saba tuna mamacinsa da addu'a da sadaka. Na biyu kuwa na mulki ne: Turawa sun tattara abin tunawar a inda soja yake, ba a inda aka haife shi ba. Shi ya sa ginin tunawa da mamatan yaƙin farko yake a Zariya, garin da aka kafa makarantar horar da kurata a 1924, yayin da da yawa daga cikin waɗanda suka kwanta dama a Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82, sunayensu suke can kusa da Rangun, inda da wuya danginsu su taɓa zuwa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila da kanta ta amsa a 2021 cewa ba a yi wa 'yan Afirka adalci ba wajen tunawa da mamatan yaƙin farko, amsawar da ta zo a makare ƙwarai.

Abin da dutse bai riƙe ba, waƙa da sunayen wurare suka riƙe shi. Sa'adu Zungur ya tsara "Maraba da Soja" don tarbar sojojin da suka dawo daga yaƙi, barikin Chindit na Zariya da na Dalet da Kalapanzin a Kaduna kuma duk daga yaƙin Bama suka samo sunayensu. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ma ta sauya, domin Nijeriya ta bar 11 ga Nuwamba ta koma 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma a manyan biranen jihohi da Abuja ake yin babban bikin.