Tarihin Barasar Agave: Tequila, Mezcal da 'Yan'uwansu

Agave tsiro ne mai kaurin ganye da ƙaya a baki, wanda ya fi yawa a ƙasar Mekziko. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar suna tatsar ruwansa mai zaƙi, su bar shi ya tsimu ya zama pulque, farin abin sha mai yauƙi. Daga cikinsu, 'yan ƙabilar Aztek suna danganta tsiron da abar bautarsu Mayahuel. Sai dai pulque tsimi ne kawai, kamar bammi. Ɗaukacin barasar da ake magana a kanta a nan sai an dafa tsimin an tara tururinsa, yadda ake fitar da ogogoro daga bammin.

Wannan fasaha ta bazu ne bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, birnin Aztek, a 1521. Sun zo da tukwanen tagulla, su kuma 'yan Filifin da jiragen ruwan Manila suka kawo gaɓar yamma bayan 1565 suka zo da nasu salon, wanda da farko suke yin barasar kwakwa da shi a Colima. Daga nan aka gwada shi da gindin agave, wato piña, wanda ake sare wa ganye kaf da wani ƙarfe mai faɗin baki da ake kira coa.

Asalin tequila wani nau'in mezcal ne, wato barasar gindin agave da aka gasa a rami, da ake yi a garin Tequila na jihar Jalisco. A 1795 Sarki Carlos na IV ya ba José María Guadalupe de Cuervo izinin yin ta, a 1873 kuma Cenobio Sauza ya kafa masana'antarsa, ya fara kai ta Amurka. Da kasuwa ta buɗe, sai masu masana'antu suka daina gasa gindin a rami, suka koma turara shi a murhun bulo, daga baya a manyan tukwanen ƙarfe. Nan ne hanya ta rabu: tequila ta rasa ƙaurin hayaƙi, mezcal ta riƙe nata.

Dokar kare sunan tequila ta fito a 1974. Ba a yin ta sai da shuɗin agave, nau'i ɗaya tilo, kuma a yankunan jihohi biyar. Amma dokar ta bar ƙofa: muddin kashi 51 cikin ɗari na sukarin daga agave ya fito, ana iya cikewa da na rake ko masara. Shi ya sa masu neman mai kyau ke duba ko an rubuta kashi 100 a jikin kwalba. Daga nan sai zaman ganga: reposado wata biyu aƙalla, añejo shekara ɗaya, extra añejo shekara uku, wanda aka amince da shi a 2006. Tsufa a ganga ba lallai ya zama inganci ba, domin ɗanɗanon itace yakan danne na tsiron. Ƙasa ma tana da nata tasirin. Ana cewa ta tudun Los Altos mai jar ƙasa ta fi zaƙi, ta kwari kuma ta fi ƙamshin ganye.

Mezcal ta samu tata kariyar a 1994, kuma jihar Oaxaca ce cibiyarta. A ƙauyuka irin su Santiago Matatlán, ana haƙa rami a hura wuta, a jera duwatsu su yi ja, a zuba gindin agave a rufe da ƙasa na kwanaki. In ya gasu sai doki ko alfadari ya ja wani ƙaton dutse mai suna tahona ya murƙushe shi. Nau'o'in tsiron da ake amfani da su suna da yawa. Espadín shi ake nomawa, yakan nuna cikin shekara shida zuwa takwas, tobalá kuwa na jeji ne, ƙarami, yana wuce shekara goma. Ƙa'idar 2016 ta kasa mezcal gida uku, kuma mai lakabin ancestral dole a dafa ta a tukunyar ƙasa, irin yadda ake yi a Santa Catarina Minas.

Sauran ba su kai waɗannan suna ba. Bacanora ta jihar Sonora ta yi zaman ɓoye tun daga 1915, lokacin da gwamna Plutarco Elías Calles ya haramta barasa, har zuwa 1992. Raicilla ta tsaunukan Jalisco sai a 2019 aka kare sunanta. Sotol kuwa ana yawan sa ta cikin jerin, alhali daga wani tsiro daban ake yin ta.

Bunƙasar kasuwa ta zo da matsalarta. Shuɗin agave ta 'ya'yan gindi ake dasa shi, ba a barinsa ya yi fure jemagu su yi masa barbara, don haka gonaki suka zama jini ɗaya. Cutar da ta faɗa musu a ƙarshen shekarun 1990 ta jawo ƙarancin tsiron da tsadarsa. Yanzu fargabar ta koma kan na jeji, da ake sarewa fiye da yadda yake tsirowa.