Yadda Linux Ta Rabu da strlcpy

A harshen C, wanda da shi aka rubuta zuciyar Linux, jerin haruffa ba ya ɗauke da tsawonsa. Sifili ne a ƙarshe ke nuna inda ya tsaya. Tsohon umarnin kwafi, strcpy, zuba haruffa yake yi har sai ya ci karo da sifilin, ko da gurbin da aka ware ya cika tuni. Abin da ya malala sai ya danne bayanan da ke kusa, kuma a zuciyar tsari wannan ƙofa ce buɗe ga masu kutse. An koma ga strncpy mai karɓar iyaka, amma shi idan gurbi ya cika ba ya sa sifilin rufewa.

A 1998 Todd Miller da Theo de Raadt na OpenBSD suka fito da strlcpy, wanda ke tsayawa a iyaka kuma ya rufe da sifili. Linux ta karɓe shi a 2003.

Aibinsa yana cikin lambar da yake maidowa. A ce gurbi na ɗaukar haruffa 16, rubutun kuwa 40 ne. Zai kwafi 15, ya sa sifili, sannan ya maido 40, wato tsawon rubutun asali. Mai rubuta manhaja da ya ɗauki 40 ɗin a matsayin abin da ya shiga, ya ci gaba da rubutu daga can, ya riga ya faɗa gonar wani. Kafin ma ya samo wannan lamba sai ya karance rubutun asali kaf, ko da babu sifili a ƙarshensa. Haka snprintf yake yi wajen tsara saƙonni, shi ya sa aka samar da scnprintf mai faɗin abin da ya rubuta zahiri.

Don magance wannan aibi na strlcpy, a 2015 Chris Metcalf ya kawo strscpy cikin Linux 4.3. Idan rubutu bai shiga ba, sai ya maido -E2BIG, alamar kuskure ƙarara. Jagoran Linux, Linus Torvalds, ya karɓa, amma ya gargaɗi mutane kada su bi su sauya tsofaffin wuraren da ke amfani da strlcpy a dunƙule. A ganina ya yi daidai, domin kowane wuri da yadda yake amfani da lambar, kuma sauyin gaggawa sabon kuskure yake haifarwa.

Ɗaya bayan ɗaya aka bi su, Kees Cook na cikin jagororin aikin, har aka cire strlcpy gaba ɗaya a Linux 6.8 cikin 2024.