Harbin Mai Gudu: Daga Ingila Zuwa Memphis

Mai karatu, in kana kallon tsofaffin finafinan Amurka irin su Dirty Harry na 1971, ka saba ganin ɗan sanda ya ɗirka wa mai gudu harsashi, ko a jikinsa. To, ba ƙirƙirar darakta ba ce zalla. Doka ce suka gada daga Ingila, tun zamanin da kusan duk babban laifi hukuncinsa kisa ne. Wato in an kashe mai gudu, an gaggauta masa abin da ke jiransa ne kawai.

Hukunci ya sassauta, dokar kuwa tana nan daram. A Oktoban 1974, a Memphis, wani ɗan sanda ya harbe Edward Garner, ɗan shekara 15, yana haura shinge bayan fasa wani gida. Ba makami a hannunsa. Me ya ɗauko? Dala 10 da ƙaramar jaka!

Mahaifinsa ya ƙi haƙura. Aka yi ta tafka shari'a har 1985, inda alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce gudu kaɗai bai halatta jinin mutum ba, sai da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa zai iya kisa ko mummunan rauni.