Abin Da Haiku Ta Ƙetare Teku Da Shi

Kafin a san wata waƙa mai suna haiku, mawaƙan Japan taruwa suke yi su tsara waƙar haɗin gwiwa da ake kira renga: wannan ya sa baiti, wancan ya ɗora. Baitin buɗewa, hokku, galibi babban baƙo ake bar wa, mai masauki ya amsa da na biyu, kuma dole ya nuna lokacin shekarar da ake ciki. Matsuo Basho (1644–1694) ne ya ɗaukaka darajarsa, amma sai a shekarun 1890 Masaoka Shiki ya raba shi da sauran baitocin ɗungurungum, ya tabbatar masa da sunan haiku. Ashe tun a gida da sauya al'ada aka haife ta. Masu cewa duk haikun da ba da Japananci aka rubuta ba jabu ce, nan ya kamata su fara dubawa.

Babbar hujjarsu ƙidaya ce, wato 5-7-5. Sai dai abin da mawaƙin Japan ke ƙirgawa tsawon sauti ne, ba gaɓa ba. Dogon wasali biyu ne a wurinsa, shi ya sa sunan Tokyo kaɗai ke cin huɗu. Kunnen Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, tunda rubutacciyar waƙarmu ma a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya. Mai Turanci kuwa, in ya cika gaɓa 17, ya zuba zance fiye da kima. Su kansu Japanawa ba duka suka ɗauki ƙidayar farilla ba: Taneda Santoka (1882–1940) ya yi watsi da ita, kuma da haiku aka san shi har gobe. Abin da ya yi tafiya shi ne yankan da ke tsakiyar waƙar: a ajiye hoto biyu kusa da juna, a ƙi yin bayani, a bar mai karatu ya ƙulla da kansa. Shi Paul-Louis Couchoud da abokansa suka gwada da Faransanci a 1905, shi Ezra Pound ya ara a 1913 don waƙarsa mai layi biyu kan fuskokin fasinjoji a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Faris, José Juan Tablada na Meziko kuma ya shigar da shi Sifaniyanci a 1919. Richard Wright, marubucin nan baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta haiku kusan 4,000 yana fama da jinya kafin rasuwarsa a 1960.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Kalmar yanayi, kigo, ba rahoton sanyi ko zafi ba ce. In mawaƙin Japan ya ambaci furen ceri, waƙoƙin ɗaruruwan shekaru ne ke tashi a zuciyar mai saurare, har littattafai na musamman ake da su, saijiki, masu jera irin waɗannan kalmomi. Baƙon harshe ba ya gadar wannan taska. Amma Japanawan da suka fara ƙaura zuwa Burazil a 1908 ma ba ta yi musu amfani yadda take ba: sun tarar da Disamba tsakiyar zafi ce, tsirrai da tsuntsaye duk baƙi. Ba su daina haiku ba. Sababbin kalmomin yanayi suka shiga tarawa daga ƙasar da suke nomawa, da Japananci tukuna, daga baya da Fotugis.