Tseren Keke na Zango-Zango: Daga Duwatsun Suwizalan zuwa Hanyar Garwa

1.0 Gabatarwa

Tseren keke na zango-zango shi ne wanda ake raba tafiyarsa zuwa kwanaki da dama, kowace rana a tashi daga wani gari a sauka a wani. A ƙarshe sai a tara lokacin da kowane ɗan tsere ya ɗauka a hanya, wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Saboda haka mutum yana iya lashe tseren baki ɗaya ba tare da ya zo na ɗaya ko da rana guda ba. Wannan takarda za ta bi diddigin irin wannan tsere daga mafarinsa a Turai, musamman ƙasar Suwizalan, sannan ta duba yadda ya shigo Kamaru da kuma matsayin Garwa da sauran garuruwan arewa a cikinsa.

Kalmomin da aka yi amfani da su aro ne daga bakin fatake. Tafiyar yini guda ita ce zango, taron 'yan tsere da ke tafiya a dunƙule kuwa ayari. Aron bai yi nisa da gida ba, domin da waɗannan kalmomi ne Hausawa 'yan kasuwa suka riƙa auna tafiyarsu zuwa ƙasar Adamawa tun ƙarni na 19.

2.0 Mafari a Turai

Jarida ce ta haifi wannan wasa. A shekarar 1903 jaridar L'Auto ta birnin Paris, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ta shirya tseren zagaya Faransa don ta ƙwace masu karatu daga kishiyarta Le Vélo. Zango shida aka yi, kilomita 2,428, mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya yi nasara. Dabarar ta ci, domin wanda ya karanta labarin zangon yau dole ya sayi jaridar gobe. Italiya ta bi sahu a 1909, ita ma ta hannun wata jaridar wasanni, La Gazzetta dello Sport. Rigar nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna wanda yake kan gaba sai a 1919 aka fara sa ta a Faransa.

2.1 Suwizalan: ƙasa ɗaya, tsere biyu

Suwizalan ta makara da shekara talatin, kuma nata tseren daga ƙungiyar mahaya keke ya fito. A 1933 babbar ƙungiyar mahaya keke da babur ta ƙasar, wadda aka kafa a 1883 kuma ƙarfinta yake a yankin masu magana da Jamusanci, ta cika shekara hamsin. Don bikin wannan ne ta ƙirƙiro Tour de Suisse. An tashi daga Zurich aka koma Zurich, zango biyar, kilomita 1,253. Masu gida ba su ji daɗin sakamakon ba: Max Bulla ɗan Ostiriya ya ɗauke kambin. Bayansa Bajamushe Ludwig Geyer ya ci a 1934, Bafaranshe Gaspard Rinaldi a 1935, Henri Garnier ɗan Beljiyam a 1936. Sai a karo na biyar, a 1937, ɗan ƙasa Karl Litschi ya yi nasara.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse tafiyar, duk da cewa Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba. Ba a yi tseren a 1940 ba, haka ma daga 1943 zuwa 1945. Wanda aka yi a 1942 wani matashi mai suna Ferdinand Kübler ya lashe. Da aka dawo bayan yaƙi, Gino Bartali na Italiya ya ci sau biyu a jere, 1946 da 1947, abin da ya ɗaga darajar tseren a idon Turai. Hanyoyin duwatsun Alps da suka ba tseren suna su ne kuma haɗarinsa. A 1948 Richard Depoorter ɗan Beljiyam ya rasa ransa bayan ya faɗi a cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse a mashigar Susten.

A nan ne wani al'amari mai muhimmanci ga wannan takarda ya faru. Yammacin ƙasar, inda ake magana da Faransanci, yana da tasa ƙungiyar mahaya keke daban. Da ta cika shekara hamsin a 1947, ita ma ta kafa nata tseren, Tour de Romandie, wanda Désiré Keteleer ɗan Beljiyam ya fara ci. Ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 41,000 da 'yan kai ba ta wayi gari da manyan tsere biyu, kowanne da tushensa a ɓangaren harshe guda. Wannan bai raba kan jama'a ba. Gasar da aka yi tsakanin Kübler da Hugo Koblet, dukansu 'yan yankin Zurich, ta ja hankalin ƙasar gaba ɗaya. Kübler ya ci tseren Faransa a 1950, Koblet ya ci na Italiya a wannan shekarar, shi ne baƙo na farko da ya taɓa cinsa, sannan ya ci na Faransa a 1951. Tseren gidansu kuwa kowannensu ya ci shi sau uku.

Abin lura a nan shi ne, tseren da ya ɗauki sunan ƙasa taswira yake zanawa. Garin da ayari ya sauka a cikinsa ya shiga jarida da rediyo, an share masa hanya, an nuna shi ga 'yan ƙasa. Wanda aka tsallake kuwa yakan ji a jikinsa.

3.0 Shigowarsa Afirka

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan, kuma a arewacin nahiyar ya fara kafuwa. Maroko ta fara tseren zagaya ƙasa a 1937. A Afirka ta Yamma, wanda ya fi yin suna shi ne Tour du Faso na Burkina Faso, da aka soma a 1987, shekarar ƙarshe ta mulkin Thomas Sankara. Daga 2001 zuwa 2008 kamfanin da ke shirya tseren Faransa ya sa hannu wajen gudanar da shi, wanda hakan ya sa duniya ta san shi.

Kamaru ta daɗe da gwanayen keke. Joseph Kono, alal misali, ya wakilci ƙasar a wasannin Olamfik a shekarun 1970 da 1980. Amma tsere biyun da aka san ta da su a yau na farkon ƙarni na 21 ne. A 2001 aka fara Grand Prix Chantal Biya, mai ɗauke da sunan uwargidan shugaban ƙasa, wanda akasarin zangunansa suke kudu, wajen Yawunde, Ebolowa da Sangmelima. A 2003, shekara ɗari cif bayan na Faransa, hukumar wasan keke ta ƙasa ta ƙaddamar da Tour du Cameroun. Kamar yadda ya faru a Zurich, baƙo ne ya buɗe fage, wani ɗan Rasha mai suna Ivan Terenin. Sai dai Kamaru ba ta yi dogon jira irin na Suwizalan ba, domin Martinien Tega ya ci a 2004. Bayansa 'yan ƙasa da suka yi nasara sun haɗa da Joseph Sanda a 2008, Yves Ngué Ngock a 2012, da Clovis Kamzong a 2015 da 2021. Oumarou Minoungou na Burkina Faso ya ci a 2011, Dan Craven na Namibiya a 2014. Ba a yi tseren a 2013 ba, haka ma a 2020, shekarar annobar korona.

Akwai igiyar da ta ɗaure wannan tsere da Suwizalan kai tsaye. Hukumar wasan keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, hedkwatarta tana garin Aigle ne, a yankin masu Faransanci na ƙasar. Ita ce ta raba duniya zuwa da'irori na nahiyoyi a 2005, ta sa tseren Kamaru cikin da'irar Afirka a mataki na 2.2. Lambar farko tana nufin tseren zango-zango ne, ta biyu tana nufin yana matakin ƙasa, inda manyan ƙungiyoyin ƙwararru na duniya ba sa shiga. Masu zuwa su ne tawagogin ƙasashen Afirka da ƙananan kulob-kulob na Turai. Kada a raina wannan mataki. Makin da ake samu a cikinsa yana shiga lissafin matsayin ƙasashe, kuma ta wannan lissafi ake samun gurbin zuwa manyan gasanni.

4.0 Garwa da tambayar arewa

Faɗin Kamaru ya kai kimanin murabba'in kilomita 475,000, wato ya ninka na Suwizalan fiye da sau goma sha ɗaya. Yankin Arewa kaɗai, wanda Garwa take hedkwatarsa, ya fi Suwizalan girma. Daga Yawunde zuwa Garwa ta mota ya haura kilomita 1,000. Tseren kansa kuwa, a shekarun baya-bayan nan, zango takwas ne zuwa goma, kuma jimillar tafiyarsa takan tsaya kusa da wannan adadi. Ke nan da za a miƙe hanya daga babban birni a nufi arewa, kwanakin tseren za su ƙare a bakin kogin Binuwai ba a leƙa Duwala ko Bafusam ba.

Mafitar da masu shiryawa suka samu ita ce a yanka tseren gida biyu. A shekarun da aka je arewa, akan yi 'yan zanguna a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta haɗa Ngaundere da Garwa da Marwa, kamar zangon Figil zuwa Garwa mai tsawon kusan kilomita 100, sannan a kwashi 'yan tsere da kekunansu da motocin rakiya a kai su kudu. Layin dogo ya tsaya ne a Ngaundere tun 1974, bai ƙarasa Garwa ba, akwai kuma kusan kilomita 280 tsakanin garuruwan biyu. Jigilar tawagogi goma ko fiye, da makanikai da alƙalai da likitoci da jami'an tsaro, kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa idan aljihu ya yi rauni arewa ce take fara fita daga taswira, a yi ta kewaya tsakanin Yawunde, Duwala, Kribi da tsaunukan yamma, sunan kuwa yana nan na zagaya Kamaru.

Ƙasar arewa tana da nata sharuɗɗa. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100, Garwa kuwa tana cikin kwarin Binuwai, wajen mita 200 daga doron teku. Tsakaninsu akwai gangaren nan da direbobin manyan motoci suke shakka. Daga Garwa zuwa Marwa yawanci fili ne, inda iska da rana suke yin aikin da duwatsu suke yi a Suwizalan. A shekarun farko a watannin Fabrairu da Maris ake yin tseren, lokacin da hunturu yake janyewa bazara tana kunno kai, kuma a Garwa zafin Maris yakan kai digiri 40. Ɗan tseren da ya taso daga sanyin Turai ya sauka cikin wannan ya san ya zo baƙunta. Daga 2018 aka mayar da tseren watannin Mayu da Yuni, farkon damina.

Sai kuma tsaro. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu iyali Faransawa kusa da gandun dajin Waza, daga nan rikicin Boko Haram ya mamaye iyakar Yankin Arewa Mai Nisa. Tseren keke ba a filin wasa mai katanga ake yin sa ba. A kan titi ake yi, cikin jama'a, tare da baƙi daga ƙetare, kuma kowa ya san hanyar da lokacin tun kafin ranar. Babu wasan da ya fi shi saurin jin ciwon rashin tsaro. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi da ya ɓarke daga 2016 ya ƙara tsuke taswirar ta wani gefen.

Garwa ba baƙuwar wasanni ba ce, ba kuma ƙaramin gari ba. Nan aka haifi Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasa na farko, a 1924. Nan ne hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974, wanda ya raini kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Coton Sport har ya zama gagara-badau a gasar ƙasa. Filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi baƙuncin wasannin cin kofin Afirka a Janairun 2022. Wannan ya nuna cewa idan wata babbar cibiya ta tsaya wa wasa a arewa, yakan yi tsayi. Wasan keke ya sami irin wannan gata a kulob ɗin SNH na kamfanin man fetur na ƙasa, amma a Yawunde yake.

4.1 Keke biyu

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, arewa ce ƙasar keke. A ƙauyukan Binuwai da Diyamare da shi ake kai buhun dawa kasuwa, da shi ake ɗebo ruwa da itace, da shi malami da ɗalibi suke zuwa makaranta, kamar dai yadda yake a Kano da Katsina da Maraɗi. Baƙin keken nan irin su Raleigh da Phoenix ya yi zamani yana cikin abin da saurayi yake tara kuɗin auduga ko gyaɗa don ya saya, kafin babur ya karɓe masa girma. Sai dai keken aiki da keken tsere suna kawai suka haɗa. Na aiki yakan kai kilo 20, giyarsa ɗaya, kowane mai faci a bakin kasuwa yana iya gyara shi. Na tsere kuwa dokar UCI ce ma ta hana shi yin ƙasa da kilo 6.8, kuɗinsa yana iya fin na sabon babur nesa ba kusa ba, tayarsa da sarƙarsa daga waje ake kawo su. Saurayin da yake tuƙa buhu biyu kilomita talatin a kan hanyar burji yana da ƙafa da numfashi, abin da ba shi da shi shi ne kayan aiki, da mai horarwa, da gasar da za a gan shi a ciki.

Ruwanda ta nuna cewa ana iya cike wannan giɓi. Tseren zagaya ƙasarta, wanda aka fara a 1988, ya shiga da'irar UCI a 2009, shekara huɗu bayan na Kamaru. A 2018 ɗan ƙasar, Bonaventure Uwizeyimana, ya zo ya lashe Tour du Cameroun, Moise Mugisha ya maimaita a 2022. A watan Satumban 2025 kuma birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka.