BABI NA BIYU: TARIHIN HARUFFA MASU ƊIGO-ƊIGO DA YADDA SUKA ZAMA ADO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar harafi da siffofinsa a rubutun boko. Wannan babi kuwa zai waiwayi tarihin wani nau'in haruffa da ake ginawa da 'yan ƙananan murabba'ai masu suna fiksel, wato ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su ba da hoto a allon kwamfuta. Manufar babin ita ce a nuna cewa larura ce ta haifi waɗannan haruffa, kuma ba su zama abin ado ba sai bayan da larurar ta kau.

2.1 Asalin Haruffan

Kwamfutocin shekarun 1970 da farkon 1980 suna da ƙarancin ma'adana ƙwarai. Saboda haka sai injiniyoyi suka tanadar wa kowane harafi gida mai ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance, jimla 64 ke nan. Kowane ɗigo ko dai a kunne yake ko a kashe, don haka bayit 8 kan ishi harafi ɗaya, alamomi 256 kuma su ci bayit 2,048 kacal. Tun da dole a bar tazara tsakanin harafi da ɗan'uwansa, galibi ɗigo 7 ne kawai ke rage wa mai zane ta kowane ɓangare.

A kan wannan tsari aka gina Commodore 64 ta 1982, wadda allonta ke ɗaukar layi 25, kowanne da harafi 40. Haka nan wasan Pac-Man na kamfanin Namco a 1980, da na'urar Famicom ta Nintendo a 1983, duk a Japan. Toshi Omagari ya tattara ire-iren haruffan wasannin a littafinsa Arcade Game Typography na 2019.

2.2 Shigowar Masu Zane

Lamarin ya ɗauki sabon salo a 1984, lokacin da Apple ya fito da Macintosh a Amurka, mai allo na ɗigo 512 a kwance da 342 a tsaye. Susan Kare ce ta zana masa haruffa irin su Chicago da Geneva da Monaco. A Chicago da Geneva ba a tilasta wa haruffa faɗi ɗaya ba: siririn "i" ya sami ƙaramin gida, "m" kuma ya sami babba, kamar yadda yake a bugun littafi. Ingancin Chicago ya sa aka sake amfani da shi a iPod na farko a 2001.

Ita kuwa Zuzana Licko, ta mujallar Emigre da ke Kalifoniya, ta zana Emperor da Oakland da Universal a 1985. Maimakon ta ɓoye kaushin gefen haruffan, sai ta bayyana shi da gangan a shafin takarda. Daga nan ne aka fara kallon ɗigo-ɗigo a matsayin salo mai zaman kansa.

2.3 Kauwar Larura

Tsarin PostScript na Adobe a 1984 da TrueType na Apple a 1991 sun riƙa adana harafi a matsayin zanen lissafi, wanda za a iya girmamawa ko ƙanƙantawa ba tare da ya yi kaushi ba. A bisa ƙa'ida, da nan ne ƙarshen tsofaffin haruffan. Sai dai ba haka aka yi ba. Licko ta sake fito da nata a 2001 da sunan Lo-Res, wasan Minecraft na 2011 ya ɗauki irin wannan siffa, sannan aka ƙirƙiri Press Start 2P a bisa haruffan Namco. Masu zane kan sa su a kanun rubutu da tambari da fosta domin tuna wa mai kallo wancan zamani. Ba kasafai ake jera dogon rubutu da su ba, domin suna gajiyar da ido.

2.4 Matsayin Haruffan Hausa

Ƙarancin ma'adana ya sa an zaɓi wasu alamomi an bar wasu. Tsarin ASCII yana da gurbi 128 ne kawai. Kwamfutar IBM ta 1981 ta kai 256, har da "é" da "ñ" da "ü", amma babu "ɓ" da "ɗ" da "ƙ". Wannan giɓi ba ƙarami ba ne a harshen da ya bambanta "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi". Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba wa haruffa masu lanƙwasa lambobinsu, amma lamba daban, zane daban. Duk wanda ya kwafi tsohon salo yadda yake, to ya gaji giɓinsa, sai fa idan ya zauna ya nema wa lanƙwasar wuri a cikin 'yan ɗige-ɗigen da ke akwai.

2.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga yadda haruffan suka ratsa matakai uku: na injiniyoyi, da na masu zane, da na ado. An kuma ga cewa ba kowane harshe ne aka yi la'akari da shi a matakin farko ba. Babi na gaba zai yi nazarin yadda za a tsara "ɓ" da "ɗ" da "ƙ" a gida mai ɗigo 64.